Bayan Dutsen Olda

Ranar da labarin ya iso wa Zdena, tana durƙushe a bayan gida tana cire ciyawa daga kunyar dankali. Maƙwabciyarta Vlasta ce ta kawo shi ta kan shinge, kamar yadda take kawo kowane labari, tana haki tun kafin ta buɗe baki.

"Zdena, za su juya Olda."

Zdena ta ɗago kai. Olda mijinta ne, kuma tun tsakiyar sanyin da ya wuce yake kwance a maƙabarta.

"Su juya shi ina? Mutumin da ko a gado ba ya juyi."

"Dutsen nake nufi. Jiya aka yanke a taron ƙauye. Duk duwatsun layin katanga za a juya su, rubutun Jamusawa ya dawo gaba. Har da na mijina Beda. Ciyaman Radim ya ce sulhu ne."

"Da wa muka yi faɗa?"

"Ki je ki tambaye shi. Ni dai na faɗa miki."

Babu wanda bai san zancen duwatsun ba a Kalinov, ƙauyensu na ƙasar Cek, babu kuma mai ɗauko shi a hira. Da can sunan ƙauyen Kaltenau. Jamusawa ne suka sare dajin, suka haƙa kuza a cikin tudun, suka gina coci a gefen rafi, suka yi ta haihuwa suna mutuwa a kwarin shekaru ɗaruruwa. Da aka gama yaƙin duniya na biyu aka loda su a taragon jirgin ƙasa aka tsallakar da su tudun, don iyaka tana nan bayansa, tafiyar hantsi ce a ƙafa. Taragon da ya kwashe su shi ne ya dawo da wasu mutanen daga gabas, cikinsu har da iyayen Zdena da na Olda. Wani jami'i ya bi gida gida da alli yana rabawa. Wanda ya samu gida ya samu abin da ke cikinsa, murhu da gadaje da akuya da itacen tuffa. Ya kuma samu kabarin gidan.

Uban Olda gidan iyalin Tauber ya samu, don haka kabarin Tauber ya zama nasa, a layin katanga inda masu hali suka kafa manyan duwatsu baƙaƙe. Da aka fara mutuwa a cikin sababbin mutanen, ba wanda ya ga dalilin neman sabon dutse ga mai kyau a tsaye. Sai a tumɓuke shi, a juya fuskarsa ga katanga, a sassaƙa sabon suna a bayansa mai santsi, a binne sabon mamaci a saman tsohon. Kowa haka ya yi. Sauran duwatsun na tsakiyar maƙabarta, waɗanda ba wanda ya so, tarakta ta kwashe su aka daɓe ɗakin aladu na gonar gwamnati da su, aka kuma tare bakin rafi. Har yau in ruwa ya janye ana hango wata Anna da wani Franz a ƙarƙashin gada. Duwatsun da aka ƙwace su kaɗai suka tsira. Mai tuƙa taraktar kuwa uban Radim ne, Radim ɗin da yake shugaban ƙauye yanzu.

Zdena ta wanke hannu, ta ɗaura kallabi, ta gangara ofishin. A tsohuwar makarantar Jamusawa yake, gaban dandalin da ke da wani dakali a tsakiya. An taɓa kafa gunkin sarki a kan dakalin, aka sauke shi aka kafa soja, aka sauke soja aka kafa jan tauraro. Yanzu tukunyar fure ce a kai, kuma ita ce ta fi su daɗewa.

Ta tarar da Radim yana gwada sabuwar kwat a gaban gilashin taga.

"Inna Zdena, sannu da zuwa. Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. An ce za ka juya mini miji."

"Dutse, Inna. Kuma ba sunan da za a goge. Sunan Baba Olda yana nan daram, sai dai zai koma baya."

"Baya ina? Tsakanin dutsen da katangar sai mutum ya bi a kaikaice ya shanye cikinsa."

"Su ma ai haka suka yi shekara saba'in suna kallon katanga. Yanzu layinmu ne." Ya gyara wuyan kwat ɗin. "Asusun sulhu ya amince zai biya kuɗin aikin. Ran bikin coci bas ɗin Jamusawa zai zo kamar kullum, amma bana mataimakin gwamnan yanki zai zo, da masu ɗaukar hoto na talabijin. Ba mu faɗa wa baƙin ba, so muke su gani da idonsu. 'Yan'uwanmu ne, Inna."

"Yaushe suka zama 'yan'uwanka? Ina ce kai ne kake jifar bas ɗinsu da ruɓaɓɓiyar tuffa?"

"Yarinta ce."

"Ubanka fa? Shi ma za a juya shi?"

"Da shi za a fara."

"Uwarka ta sani?"

Radim ya koma kallon taga. "Tarihi ne, Inna. Tarihi ba ya jiran kowa."

"Olda ko shekara bai cika a wurin ba. Tarihin ya jira ya huce mana."

Ta fito ba ta yi sallama ba.

Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne zancen bencin. Olda ne ya haɗa shi da katako tun iyayensa kaɗai ke kwance a wurin, ya kafa shi daidai gaban dutsen. Tun da aka binne shi, kullum da safe Zdena takan hau maƙabarta da butar ban-ruwa, ta shayar da furanni, ta zauna ta ba shi labari. Kaza ta daina ƙwai, bututun bayi yana yoyo, 'yarsu ta bugo waya daga birnin Prag ba ta daɗe ba ta ajiye. Tana magana tana kallon sunansa, don ba ta da wani abin kallo. A ƙarƙashin sunan an bar fili mai faɗin tafin hannu, nata ne. Ba ta ga yadda za ta zauna tana ba wani Bajamushe labarin bututun bayi ba. Ba ta kuma ga yadda za ta mutu a kafe sunanta yana kallon gansakukar katanga ba.

Bayan dutsen kuwa ba ta taɓa leƙawa ba. Ta san akwai rubutu, kamar yadda ta san akwai wasu haruffa a sassaƙe a jikin ƙofar rumbun gidanta, waɗanda ta rataye kwando a kai tun tana amarya.

Jamusawan ma ba ta taɓa ganinsu kusa ba. Tun da aka buɗe iyaka suke zuwa kowace shekara ran bikin coci, a watan Agusta. Da an ji ƙugin bas yana hawowa daga gada, kowa a Kalinov zai shige gida ya ja labule. Ba wanda ya ce a yi haka, ba kuma wanda ya daina. Ta tsakanin labule ake kallonsu suna yawo da sanduna, suna tsayawa a gaban gidaje suna nuna tagogi, wasu su nufi daji inda rabin ƙauyen ya koma, inda ba abin da ya rage sai itatuwan tuffa a jere da matakalar da ba ta kai mutum ko'ina. Akwai wata doguwar tsohuwa mai gajeren farin gashi da takan tsaya a shingen Zdena ta yi ta kallon itacen tuffar da ke tsakar gida. Ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba. Zdena takan tsaya a bayan labule da tsintsiya a hannu har matar ta wuce.

Olda shi ba ruwansa da labule. Kowane jajibirin biki yakan sauko da laujensa daga ƙusa ya ce zai je maƙabarta yankan ciyawa. Zdena takan ce masa ciyawar gidan giya dai, ya yi dariya ya fita.

Da ranar aikin ta zo, Ruda mai sassaƙar dutse ya shigo maƙabarta da injin ɗaga kaya da aka aro daga gari. Ya tarar da Zdena zaune a kan kabarin, ta jingina baya da dutsen, da saƙa a cinya da fulas ɗin shayi a gefe.

"Inna, injin nan bai san bambancin dutse da tsohuwa ba."

"To ka ɗaga mu tare."

"Ni aiko ni aka yi."

"Ni ma ba da kai nake ba. Je ka fara da uban ciyaman, yana can ƙarshe yana jiranka."

Ruda ya tafi ya fara da uban ciyaman. Zdena tana zaune tana kallo ana ɗaure duwatsu da igiya ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga, su yi lilo a sama, a juya, a sauke. Sunayen da ta sani tun tana yarinya suna komawa katanga, wasu baƙin haruffa masu ƙahonni suna fitowa, cike da gansakuka da gidan gizo. Vlasta ta tsaya ta ga an juya Beda, ta share hawaye, sannan ta ce ai ko da ransa bai cika fuskantarta ba.

Radim ya zo da rana ya yi lallashi. Washegari ya zo ya yi barazana da dokar ƙauye. Zdena ta tambaye shi ko dokar ta hana gwauruwa zama a kan mijinta, ya ce zai duba. Vlasta tana kawo mata miyar kabeji a kwano. Da yamma in Ruda ya kashe injin ta tafi gida, da safe kafin ya iso ta riga shi. Haka aka yi ta yi har masu injin suka aiko a mayar musu da abinsu.

"Shi ke nan, Inna, kin ci wannan," in ji Radim. "Amma Litinin ɗin bayan biki injin zai dawo. In ya kama a ɗauke ki a kujera, za a ɗauke ki."

"Ka zo da mai laushi."

Jajibirin biki ta ga laujen Olda a rataye a ƙusarsa, bakinsa ya fara tsatsa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rufe ƙofar rumbun.

Radim ya tsara komai. An bi gida gida an karɓi zanen gado farare, an lulluɓe kowane dutse na layin katanga gaba da baya, don a yaye su lokaci ɗaya bayan jawabi. Dutsen Olda kuwa an kafa masa wani ƙaton kyalle a gaba, a kan sanduna biyu, an rubuta SULHU da harsuna biyu, yadda ba zai shiga hoto ba. Kyallen ya rufe har da bencin. An kuma sanar cewa bana ba jan labule, kowa ya fito maƙabarta da tufafin coci. 'Yan badujalar kwana-kwana suka jeru a bakin ƙofa, an ce musu da sun ga an taɓa zanen farko su busa.

Zdena ta zo da butarta kamar kullum, ta zagaya bayan kyallen ta zauna a bencinta. Ta gefen kyallen tana ganin komai, ba mai ganinta.

Bas ya iso. Tsofaffi suka sauko a hankali, da sanduna da kyandirori da 'yan furanni a leda. Radim ya hau akwatin da aka ajiye masa, mataimakin gwamna a damarsa, ya buɗe takarda ya fara da Jamusancin da ya kwana biyu yana haddacewa. Baƙin suka gyaɗa masa kai cikin ladabi, suka wuce shi. Ba su tsaya a gaban duwatsun ba, ko kallon gaban ba su yi ba. Kai tsaye suka nufi katanga, kowa ya san layinsa, suka juya a kaikaice, suka shanye ciki, suka shige bayan duwatsun ɗaya bayan ɗaya.

Nan ne mutanen Kalinov suka ga abin da labule ya hana su gani shekara da shekaru. Ashe haka baƙin suke yi kowane zuwa. A lungun nan suke samun iyayensu, a nan suke kunna kyandir.

Wani tsoho mai jar hula ya ɗaga zanen ta baya. Ya ga sunan Beda. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, Beda dai. Matar da ke kusa da shi ta ɗaga nata zanen, ta ga sunan uban Radim inda ta bar uwarta bara. Ta zauna a ƙasa cikin lungun ta fara kuka. Abin da suka fahimta shi ne an kankare musu sunayen da suka rage, an rubuta na 'yan Cek gaba da baya, an kuma kira 'yan badujala da talabijin don a yi musu abin a bainar jama'a.

'Yan badujala kuwa sun ga an taɓa zane, suka busa.

Radim ya diro daga akwatin ya ruga yana fizge zannuwa yana nuna gaba da hannu biyu. Ba mai jinsa saboda kakaki. Ba kuma mai iya fitowa, don lungun mutum ɗaya yake ɗauka, na tsakiya sai na baki ya fita, na bakin kuma shi ne mai jar hula, wanda ya kafe yana ɗaga sanda yana faɗar wasu kalmomi da ba a cikin takardar Radim suke ba. Mataimakin gwamna ya tambayi Vlasta ko wannan al'adar garin ce. Vlasta ta ce daga yau dai.

Zdena tana kallon wannan sai ta ji motsi a bayan dutsen Olda. Aka yi 'yar ƙara a hankali, aka ja tsaki. Can sai ga wata mata ta fito a kaikaice tana sosa hannuwa, duk sun yi ja sun tashi. Ciyawar nan mai ƙaiƙayi ta cika lungun har ƙugu. Doguwar tsohuwar nan ce mai farin gashi, ta bakin shinge.

Suka kalli juna. Zdena ta laluba gefenta, babu tsintsiya, sai buta.

Matar ta yi magana da harshen Cek, a karye, kalma ɗaya ɗaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.

"Ina mutumin lauje?"

"Wane mutum?"

"Kowace shekara, nan baya, babu ciyawa. An yanke, an share. Kuma tuffa ɗaya a ƙasan dutse. Daga itacen." Ta nuna wajen gidan Zdena da haɓa. "Kakana ya dasa. Bana ciyawa, babu tuffa. Sau ɗaya na gan shi, yana fita da lauje. Ya taɓa hula, na taɓa kai. Shi ke nan. Ba shi da lafiya?"

Zdena ta tuna aljihun rigar Olda da yakan kumbura kowane jajibiri, da yadda take masa faɗa wai zai yage mata ɗinki.  Sai ta ɗaga hannu ta nuna dutsen.

Matar ta bi hannun da ido. "Ban taɓa kallon gaba ba," ta ce. "Da gangan."

"Ni ma ban taɓa kallon baya ba."

Matar ta zagayo, ta sunkuya, ta bi haruffan da yatsa tana haɗa su a baki. Ta kai kan shekarar, ta tsaya. Sannan ta miƙe ta dubi bencin. Zdena ta janye butar. Olda ya yi bencin da tsawo, ita kuma ta sha yi masa ƙorafin ɓarnar katako.

"Irmgard," in ji matar, ta dafa ƙirji. "Tauber, kafin aure."

"Zdena."

"Ya sha wahala?"

"A'a. Yana ɗaure takalmi ya faɗi."

"Nawa ya yi shekara biyu a gado. Naki ya fi wayo."

"Kullum haka yake, in an zo aiki mai wuya sai a neme shi a rasa."

Irmgard ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta ci gaba da sosa hannu. Zdena ta tsiyaya mata ruwa daga butar ta wanke. Suka zauna suna jin kakaki yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya, don an samu wanda ya je ya ƙwace sandar shugaban 'yan badujalar.

Sai da aka zaro tsofaffin daga lungu, aka zagayo da su gaba aka nuna musu, aka ba wasu ruwa wasu barasa, sannan Radim ya tuna da kyallen. Ya iso da mataimakin gwamna da mai ɗaukar hoto a bayansa, kwat ɗinsa duk gansakuka. Ya ga wadda ke zaune kusa da Zdena, ya rusuna.

"Uwargida, a gafarce mu. Wannan ɗaya ne ya rage, an samu 'yar matsala." Ya saci kallon Zdena. "Ran Litinin za a juya shi, na yi alkawari a gaban mai girma."

"Juya me?" in ji Irmgard.

"Dutsen. Kakanki ya dawo gaba."

"Wa ya roƙe ka?"

Radim ya dubi mataimakin gwamna, mataimakin gwamna ya dubi takalminsa.

"Kakana Wenzel ba ya son mutane," in ji Irmgard. "A gidan giya yana zama, fuska ga bango. A coci, bayan ginshiƙi. Shekara saba'in yana hutawa, ba mai damunsa. Yau duk bas, ni kaɗai na sami nawa inda na bar shi." Ta nuna sunan Olda. "Wannan kuma ya yanke masa ciyawa. Kai ka yanke?"

"Uwargida, manufar sulhu ita ce..."

"Ka bar dutse. Ka taɓa, in dawo da bas biyu."

Mai ɗaukar hoto ya ɗauki wannan ma. Mataimakin gwamna ya ce a ganinsa an bar wa iyalai abin da suka ga ya dace, ya kuma tambaya ina ake ba da tsiran alade.

Da yamma kafin bas ya tashi, Irmgard ta tsaya a bakin shinge kamar kullum. Zdena ta buɗe mata ƙofar shingen. Cikin ɗaki dai ba ta ce ta shiga ba, ita ma ba ta nema ba. Suka tsinci tuffa a ƙarƙashin itacen suka cika leda. Irmgard ta ce itacen yana son a rage masa rassa. Zdena ta ce ta sani, ba sai an zo daga Jamus an faɗa mata ba. Irmgard ta ce to, ta ɗauki ledarta.

Litinin ta zo injin bai zo ba. Sauran duwatsun kuma ba a mayar da su yadda suke ba, don an riga an aika wa asusun sulhu hotuna. An kafa kwamiti ya duba yiwuwar matsar da katangar baya, kwamitin ya gano cewa katangar ma kayan tarihi ce. Uwar Radim ta daina yi masa magana, sai dai ta aika masa saƙo ta bakin matarsa. Ran tunawa da matattu, farkon sanyi, duk Kalinov ta hau maƙabarta da kyandirori, kowa ya juya a kaikaice ya shanye ciki ya shige lungu. Vlasta ta shiga wajen Beda lafiya, fitowa ta gagara, sai da 'yan kwana-kwana suka zo da sabulu. Tun daga ranar take cewa za ta rage cin burodi saboda sulhu.

A duk layin katanga sunan Olda kaɗai ke kallon ƙofa, da filin nan mai faɗin tafin hannu a ƙarƙashinsa.

Zdena tana hawa kullum da safe. Ta shayar da furanni, ta zauna, ta ba shi labarin kaza da bututu. Ta yi masa faɗan tuffar ma, ba sau ɗaya ba, wai shekara da shekaru yana satar mata 'ya'yan itace yana kai wa wata. In ta gama sai ta ɗauki laujen, wanda ta kai wa Ruda ya wasa, ta juya a kaikaice ta shiga lungun. Ba kullum ake samun abin yanka ba, ciyawa ba ta tsiro da sanyi. Takan dai duba. Haruffan masu ƙahonni har yau ba ta iya karanta su ba, sai ta goge su da gefen kallabinta.

"Ina kwana, tsoho," takan ce. "Ba daɗewa zan yi ba."

Sannan ta fito ta ɗauki butarta.